Daga faifai zuwa salula: wa ke cin kuɗin waƙa a Nijar?

Shekaru ashirin da suka wuce, duk mai son waƙa sai ya taka har kasuwa ya sayi kaset ko faifan CD. Yau kuwa da ɗan katin da bai kai farcen yatsa girma ba mutum ke yawo da waƙoƙi ɗari biyar a aljihu. Mai saurare ya samu sauƙi, babu shakka. To amma ina makomar mawaƙin, kuma ina makomar waƙar kanta?

Duk wanda ya san babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko kewayen babbar kasuwar Yamai a farkon shekarun 2000, ba zai manta da rumfunan masu kaset ba. Tun daga nesa ake jin su, kowane ya ƙure lasifikarsa domin ya danne ta maƙwabcinsa. A cikin akwatunan katako ga kaset jere reras: Mamman Shata, Ɗan Ƙwairo, Ɗan Anace, Ɗan Maraya Jos, Sa'adu Bori, Ma'azu Ɗan Alalo, waƙoƙin finafinan Kano da na Indiya, sannan a gefe guda wa'azin malamai da karatun Alƙur'ani. Mai saye yakan tsaya a saka masa ya ji, a yi ciniki, ya biya, ya tafi gida da abinsa a hannu.

In ka koma waɗannan wurare a yau, da wuya ka iske rumfar da ke rayuwa da sayar da faifai kaɗai. Abin da za ka gani shi ne saurayi zaune ƙarƙashin lema, da tebur, da kwamfuta, da tarin wayoyin caji. Ka miƙa masa salularka ko katinka, ka faɗa masa abin da kake so, cikin ƴan mintoci ya cika maka shi. Wannan sana'a ita ake kira turi. A ƙasashen Turawa an daɗe ana gardama kan wanne ya fi, sayen faifai ko sauko da waƙa daga intanet. A ƙasarmu gardamar ta ɗauki wata kama dabam, domin mu ba daga kantin faifai muka koma kantin intanet ba, daga rumfar mai kaset muka koma teburin mai turi.

Zamanin kaset da faifai

Tsofaffi na tuna faifan garmaho, baƙi mai faɗi, wanda sai gidan sarki, ko babban ɗan kasuwa, ko ma'aikacin gwamnati ake samunsa. Talaka ta rediyo yake jin waƙa, tun lokacin da aka buɗe gidan rediyon ƙasa a shekara ta 1958, wanda daga baya ya zama Muryar Sahel. Kaset ne ya fara kai waƙa hannun kowa. Kamfanin Philips na ƙasar Holand ya fito da shi a shekara ta 1963, kuma ya dace da rayuwarmu ƙwarai: rediyo mai kaset da batur yake aiki, ba ya bukatar wutar lantarki, in zaren ya tsinke a liƙe shi, in ya warware a naɗe shi da biro. Manomi ya tafi da shi gona, direba ya saka shi a mota, ɗan ci-rani ya aiko da muryarsa gida a cikinsa.

Faifan CD, wanda Philips da Sony suka fito da shi a shekara ta 1982, ya jima bai samu karɓuwa a nan ba. Sai da na'urorin kallo masu araha suka fara shigowa daga ƙasar Sin a shekarun 2000 sannan ya bazu, kuma finafinan Hausa ne suka ja shi. Mafi yawan kayan daga Kano suke fitowa, musamman kasuwar Ƙofar Wambai, su biyo ta Katsina da Jibiya da Ɗan Isa zuwa Maraɗi, ko ta Daura da Matamai zuwa Damagaram. Sautin CD ya fi na kaset tsabta, amma bai jure wa ƙasarmu ba. Ƙurar hunturu na karce shi, zafin bazara na lanƙwasa shi in an bar shi a mota, kuma faifan da ya karce ba ya gyaruwa.

Kada kuma a ɗauka wancan zamani aljanna ne ga mawaƙa. Satar fasaha ta girmi salula nesa ba kusa ba. Da rediyo mai bakin kaset biyu kowa na iya kwafar waƙa, kuma yawancin abin da ake sayarwa a rumfuna kwafi ne na kwafi. Amma duk da haka akwai ƙofar da kuɗi ke bi su kai ga mai abu. A Kano, alal misali, mai fim yakan buga kwalin kaset mai hoto, ƴan kasuwa su sayi kwalayen a hannunsa, su kwafi kaset ɗin da kansu su saka a ciki. Yawan kwalin da aka saya, yawan abin da ya samu. Mawaƙi kuma yakan sayar wa ɗan kasuwa uwar kaset a biya shi gaba ɗaya. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma akwai abin ƙirgawa, akwai abin riƙewa a hannu a ce wannan nawa ne.

Shigowar salula

Kamfanin Celtel, wanda ya koma Zain sannan Airtel, ya fara aiki a Nijar a shekara ta 2001. Salulolin farko kira kawai ake yi da su. Abin da ya juya al'amarin shi ne zuwan ƙananan saluloli ƴan ƙasar Sin a ƙarshen shekarun 2000, masu ɗaukar katin ajiya, masu lasifika mai ƙara, masu Bluetooth. A daidai lokacin kuma an riga an saba da MP3, wata dabara da masana a ƙasar Jamus suka jagoranci ƙirƙirowa, wadda ke matse waƙa ta ragu kamar sau goma ba tare da kunnen yawancin mutane ya lura da abin da aka zubar ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Faifan CD ba ya ɗaukar fiye da minti 80 na sauti, wato waƙa goma sha biyar ko ƙasa da haka, in kuwa irin dogayen waƙoƙin Shata ne, huɗu ko biyar sun cika shi. Katin ajiya mai giga 2 yana ɗaukar waƙoƙi wajen 500. Ba ya karcewa, ba ya bukatar wata na'ura sai salular da ke aljihu, kuma a ƙasar da wajen kashi 20 cikin ɗari kawai na jama'a ke da wutar lantarki, cajin salula a wurin mai faranti mai aiki da hasken rana ya fi sauƙi a kan kunna na'urar CD. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Cikin ƴan shekaru masu kaset da yawa suka sayi kwamfuta suka koma turi, wasu suka koma sayar da kayan salula, wasu suka bar sana'ar.

Daga teburin mai turi waƙa ke shiga fada, inda samari ke zaune ana dafa shayi. Ɗaya ya biya, goma su samu, da ta Bluetooth, daga baya ta Xender, yanzu kuma ta WhatsApp. Waƙar da aka yi a Kano ranar Litinin, kafin Juma'a ana jin ta a salular ɗan kabu-kabu a Tawa. Har masu satar fasaha na da, waɗanda ke buga faifai dubu-dubu, sun rasa kasuwa. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba.

Amma a lura da abu guda: mai saurare bai daina biya ba. Yana biyan mai turi, yana sayen kati, yana biyan caji, yana sayen kuɗin intanet a wurin kamfanin salula. Kuɗi na fita daga aljihunsa kamar da, wataƙila ma fiye da da in an tara. Wanda ya fita daga layin rabo shi ne mawaƙin da ya biya kuɗin situdiyo, da makaɗansa, da ƴan amshinsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Yadda abin yake a waje

A Amurka da Turai ma an sha wannan rikici. A shekara ta 1999 wani dandali mai suna Napster ya buɗe wa mutane hanyar musayar waƙoƙi kyauta, kamfanonin kiɗa suka kai shi kotu har aka rufe shi a 2001. Daga nan kamfanin Apple ya buɗe kantin iTunes a shekara ta 2003, inda ake sayen waƙa guda a kan santi 99 na dalar Amurka, a sauko da ita ta halal. Sai kuma Spotify ya fito a ƙasar Suwidin a 2008 da wani tsari dabam: ba ka sayen waƙa, kana biyan kuɗin wata ne ka saurari abin da kake so, ko ka saurara kyauta ana katse ka da talla. Wannan tsari na haya shi ya yi rinjaye, domin a shekarun nan kimanin kashi biyu cikin uku na kuɗin da masana'antar kiɗa ke samu a duniya daga gare shi suke fitowa, sayen waƙa a sauko da ita kuwa ya koma ɗan ƙaramin kaso.

Abin mamaki, faifai bai mutu ba. Faifan garmaho da aka ɗauka ya tafi har abada ya dawo kasuwa da ƙarfinsa. A shekara ta 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a Amurka, na CD kuwa miliyan 33, karo na farko ke nan tun 1987 da tsohon ya wuce sabon. Masu sayensa na da dalilansu. Wanda ya sayi faifai ya mallake shi, yana iya ba da aronsa, ya sayar, ya bar wa ƴaƴansa gado. Wanda ke haya a intanet, ranar da ya daina biya, ko kamfani ya cire waƙar, ba shi da komi. Har jihar Kalifoniya ta kafa doka, wadda ta fara aiki a 2025, da ke tilasta wa kantunan intanet su bayyana wa mai saye cewa izinin amfani kawai ya biya in ba mallaka ta dindindin aka ba shi ba.

Waɗannan hanyoyi na halal sun iso nahiyarmu, akwai Boomplay da aka buɗe a Najeriya a 2015, akwai Audiomack, akwai YouTube. Amma yawancinsu an gina su ne domin mai katin banki da intanet mai araha, abubuwa biyu da mafi yawan ƴan Nijar ba su da su. Sannan abin da suke biya kaɗan ne ƙwarai: a Spotify, duk sau ɗaya da aka saurari waƙa, abin da ke zuwa ga masu ita bai kai dala guda ta kuɗinmu ba, wato bai kai sefa biyar ba, kuma in daga ƙasashe matalauta aka saurara ya fi haka ƙanƙanta. Kafin mawaƙin Tasawa ko na Dogon Dutsi ya mayar da kuɗin situdiyo ta wannan hanya, sai an saurare shi sau dubbai masu yawa.

Waƙar da ta tafi a kati ta dawo a faifai

Duk da haka, wanda ya ce salula sharri ce kawai ga mawaƙa bai san labarin Mdou Moctar ba, makaɗin gita ɗan jihar Tawa wanda ya tashi a yankin Abalak. A shekara ta 2008 ya tafi Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar, da harshen Tamashek, amma da irin kiɗan kwamfuta da gyaran murya na waƙoƙin finafinan Hausa. Babu kamfanin da ya buga kundin, babu kantin da ya sayar da shi. Daga salula zuwa salula waƙoƙin suka ratsa hamada har arewacin Mali.

A can garin Kidal wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley, da ke tattara waƙoƙi daga katunan mutane, ya ci karo da ɗaya daga cikinsu, Tahoultine. Ya saka ta a wani kundi mai suna Music from Saharan Cellphones, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar a kan faifan garmaho a shekara ta 2011. Kafin a biya masu waƙoƙin sai da ya sha wahalar neman su, domin waƙar da ke yawo a kati sau da yawa ba ta ɗauke da sunan mai ita. Da aka gano Mdou Moctar, sai hanya ta buɗe: aka buga Anar a faifai a 2014, ya fito a fim a 2015, ya shiga zagayen Turai da Amurka, har babban kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021 da Funeral for Justice a 2024.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Salula ce ta kai waƙar inda faifai ba zai taɓa kai ta ba, amma faifai ne, da dandalin wasa, suka mayar da ita kuɗi. Kowanne da aikinsa. Kuma ba lalle sai faifai ba: a shekara ta 2020 kamfanin Sahel Sounds ya gwada wata dabara, mawaƙa su ɗauki waƙa da salula, su aika ta WhatsApp, a sayar da ita wata guda a dandalin Bandcamp, kuɗin duka su koma gare su. Ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe wannan jeri. Wato matsalar ba ta na'ura ba ce, ta hanyar da kuɗi ke bi ce.

Sai dai a faɗi gaskiya, ba kowa ke samun irin wannan sa'a ba. Kiɗan gita na Abzinawa yana da masoya a Turai tun zamanin Tinariwen, kuma Bombino ya kai har jerin ƴan takarar kyautar Grammy da kundinsa Deran na 2018. Mai kalangu, mai gurumi, mai kukuma, zabiya, da matasa masu waƙar zamani da Hausa ko Zabarmanci, kasuwarsu a gida take. Su abin da turi ya bar masu shi ne suna. Da sunan ake gayyatar su biki da suna da taron siyasa, a yi masu kari. Ke nan mawaƙi ya koma inda kakanninsa suka tsaya, yana rayuwa da kyautar masu hali. Wanda kuwa ke rayuwa da kyautar mai hali, da wuya ya yi waƙar da za ta ɓata wa mai hali rai.

Abin da ba a ajiye ba

Akwai wata hasara da ba a cika magana a kanta ba. Kaset da faifai suna da kwali, kwali na da suna, da hoto, wani lokaci da shekara. Waƙar kati kuwa sau da yawa lamba ce kawai, ko sunan da mai turi ya ga dama ya rubuta. Haka ake jingina waƙar wani ga wani, a yanke farkonta, a haɗa ta da tallar mai turi. In salula ta faɗa ruwa ko kati ya ƙone, sai a koma wurin mai turi, shi kuma abin da ake yayi kawai yake ajiyewa, domin kwamfutarsa ba gidan tarihi ba ce. Intanet ɗin ma ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari: a shekara ta 2019 dandalin MySpace ya amsa cewa ya yi hasarar waƙoƙi kimanin miliyan 50 da mutane suka ɗora tsakanin 2003 da 2015.

A nan gida muna da misali mai kyau. A shekara ta 1978 Mamman Sani ya ɗauki kiɗansa na organ a gidan rediyon ƙasa, kiɗan da ƴan Nijar da yawa suka tashi suna ji a rediyo da talabijin ba tare da sun san mai shi ba. Kaset kaɗan aka buga. Da ɗaya daga cikinsu bai tsira a ma'ajiya a Yamai ba, da ba a sake fitar da kundin a shekara ta 2013 ba, da duniya ba ta san shi ba. Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce: waƙoƙin da aka yi a Maraɗi da Damagaram tsakanin 2010 da yau, waɗanda ba su taɓa hawa faifai ba, wa zai same su nan da shekaru talatin? Kuma kaset ɗin Ɗan Gurmu da na Maman Barka da ke cikin akwatunan gidajenmu, zafi na cin zarensu, wa ke kwafe su?

Ina mafita?

Doka dai akwai ta. An kafa ofishin kare haƙƙin masu fasaha na ƙasa, BNDA, a shekara ta 1995, kuma dokar ranar 23 ga Disamba 2010 ta tanadi kariya ga ayyukan mawaƙa da kayan al'adun gargajiya. Amma babu hukumar da za ta iya tsare kowace salula, kuma korar masu turi ba zai haifar da komi ba sai ƙarin marasa aikin yi. Sun fi amfani in an mayar da su ƴan kasuwa na halal: a yi masu rajista, su riƙa biyan wani abu da aka sani a wata, a raba wa masu waƙoƙin bisa lissafi na gaskiya.

Maƙwabciyarmu Burkina Faso ta daɗe da bin wata hanya: ana karɓar ɗan kaso a kan na'urorin da ake kwafar waƙa da su tun a wurin kwastan, a miƙa wa ofishin haƙƙin masu fasaha ya raba. Salula da katin ajiya da ke shigowa Nijar ba su da iyaka, ko ɗan kaɗan aka ɗora wa kowanne zai zama abin kirki, muddin kuɗin sun isa hannun masu su. Kamfanonin salula, waɗanda ke cin riba a duk waƙar da aka aika ta WhatsApp, su ma akwai haƙƙi a kansu. Gidajen rediyo masu zaman kansu, da ke cika shirye-shiryensu da waƙoƙin gida, ya kamata su riƙa biyan abin da doka ta ɗora masu. Cibiyar koyar da kiɗa ta Elhaji Taya da gidan rediyon ƙasa kuma a ba su kayan aiki su kwafe tsofaffin kaset, su kuma karɓi kwafin duk sabuwar waƙa da sunan mai ita da shekararta.

Su ma mawaƙa sai sun tashi tsaye. Su yi rajistar ayyukansu, su faɗi sunansu a cikin waƙa, su buga ko faifai ɗari ne domin sayarwa a wurin wasa da ajiyar tarihi. Yanzu da ake aika kuɗi ta salula har ƙauye, babu abin da zai hana mawaƙi ya sayar da sabuwar waƙarsa kai tsaye ga masoyansa kafin ta faɗa hannun kowa.

Saura mu masu saurare. Babu mai cewa a jefar da salula a koma kaset, zamani riga ne. Amma wanda ya ga faifan asali na mawaƙin da yake so, ya saya ko da a salula zai ci gaba da saurare. Wanda ke da tsofaffin kaset a gida ya adana su a inuwa, ya nemi a kwafe masa su. Wanda kuma waƙa ta raka shi gona, ta raka shi tafiya, ta yi masa bikin ɗiyarsa, ya tuna cewa jikar da ya ba mai turi da kamfanin salula ko dala ɗaya daga cikinta ba ta kai ga mai muryar ba. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna.